Desdemona ba ta da gidan yaji

Shekara huɗu na yi ina koyar da littafin Othello a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin birni, lokacin da WAEC ta sa shi a jerin littattafan adabin Turanci na jarrabawar 2016 zuwa 2020. Yanzu na bar aji, amma kwafina yana nan, bangon ya rabu na liƙe shi da salatif, gefen kowane shafi ya sha jan biro. Shekaranjiya ina kakkaɓe kwalayen littattafai na ci karo da shi, sai na zauna daɓas a ƙasa na buɗe. A shafin ƙarshe na ga rubutun hannuna: "Alhakin uba?" da alamar tambaya har uku.

Na tuna ranar sarai. Hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kowace yarinya ta ƙudundune cikin hijabi, leɓe duk ya tsattsage. Mun gama karanta wurin da Otelo ya danne matarsa a kan gado har numfashinta ya ɗauke. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya a layin baya, wadda ko sunanta na kira da ƙyar take amsawa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai alhakin babanta ne ya kama ta." Kafin in buɗe baki aji ya ɗauka. Wallahi kuwa. Duk wadda ta ƙi jin maganar iyaye sai ta ga ba daidai ba. Wata ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Aka kaɗa ƙararrawa, na tattara kayana na fita ban ba su amsar kirki ba. Har na sauka daga adaidaita sahu a Ƙofar Mata maganar tana cina.

Ga wanda bai karanta ba, marubucin Ingila Wiliyam Shekisfiya ne ya rubuta wasan tsakanin 1603 da 1604, an kuma nuna shi a fadar Sarki Jemis na Ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 1604. Otelo baƙar fata ne da ya zama sarkin yaƙin birnin Benis na Italiya. Desdemona 'yar wani babban ɗan majalisar birnin ce mai suna Birabanshiyo. Suka yi aure a ɓoye. Iyago, mai riƙe wa Otelo tuta, yana ƙullace da shi saboda an tsallake shi an ba Kasiyo muƙami, sai ya dinga zuga shi cewa matarsa na bin Kasiyo. Hujjar da ya kawo hankici ne guda ɗaya. A kan wannan hankicin aka kashe ta.

Abin da ya fara kama ni a wasan tun ina ɗaliba a Jami'ar Bayero shi ne abin da uban ya faɗa da aka tashe shi cikin dare aka ce 'yarsa ta tafi. Bai ce ta yi masa rashin kunya ba. Cewa ya yi asiri aka yi mata, an ba ta wani abu ta sha, don babu yadda za a yi yarinya mai kunya irin tasa, wadda ta ƙi samarin garin masu kuɗi, ta faɗa hannun wannan baƙin da ko kallonsa ya kamata ya ba ta tsoro. Da na karanta wa yara wannan wurin sai da suka yi dariya, don kowacce ta taɓa jin irin maganar a tsakar gidansu. "Ba ta cikin hayyacinta." "Ya gama da ita." "A kai ta wajen malam." Idan yarinya ta so wanda gida ke so, an ce tana da hankali. Idan ta so wanda ba a so, an ce aikin boka ne. Ta kowace fuska dai ba a yarda cewa ita ce ta duba ta zaɓa ba.

Kuma mutumin nan ba baƙo ba ne a gidan. Otelo da bakinsa ya gaya wa majalisa cewa uban yana ƙaunarsa, yana yawan gayyatarsa gida ya ba shi labarin yaƙe-yaƙensa da yadda aka taɓa kama shi aka sayar da shi bawa. Yarinyar takan yi sauri ta gama aikin gida ta dawo ta kasa kunne. Ita ce ma ta fara jefa masa magana a fakaice, ta ce in yana da aboki mai sonta, ya koya masa ba da wannan labarin, shi ke nan ya same ta. Wato ya isa a zauna da shi a zaure, ya isa ya tsare musu gari daga Turkawa, suruki ne kawai bai isa ya zama ba.

Sai aka kira ta gaban majalisa, tsakar dare, ɗaki cike da dattawa ana shawarar yaƙi. Nan ne nake so masu cewa Desdemona sakarya ce su sake karantawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓuya bayan kowa ba, ba ta kuma zagi ubanta ba. Ta ce ta san haƙƙinsa, shi ya haife ta ya ba ta tarbiyya, amma ga mijinta, kuma kamar yadda mahaifiyarta ta fifita shi a kan nata uban, haka ita ma za ta yi. Da aka ce Otelo zai tafi tsibirin Saifurus yaƙi, ita ta roƙa a bar ta ta bi shi, ta ce ta aure shi ne don ta zauna da shi. Ku tuna a zamanin da aka rubuta wannan, mace ba ta hawa dandamali a Ingila, yara maza ne ke sa kayan mata, sai a 1660 aka fara ganin mata suna fitowa. Duk da haka aka sa wa 'ya mace wannan magana a baki.

Amma akwai wani ɗan wuri a wannan zaman da na yi shekaru ina wuce shi. Shugaban majalisa ya ce to, kafin miji ya dawo ta zauna a gidan ubanta. Wanda ya fara cewa a'a uban ne. Sannan Otelo ya ce shi ma bai yarda ba, sannan ita ta ce ba za ta zauna inda ganinta zai dinga ɓata wa ubanta rai ba. Kafin uban ya fita kuma ya jefa wa surukin nasa kalmar da ta zama ajalinta: ka sa mata ido, ta yaudari ubanta, kai ma za ta iya yaudararka. A daren nan aka rufe mata ƙofar gida. Ba lefe, ba gara, ba gwaggonni masu kai amarya su ce ga amana nan. Mahaifiyarta ma ko sau ɗaya ba ta fito a wasan ba.

Ɗalibata ba ita kaɗai ta ga alhakin uba a labarin ba, tana da abokan ra'ayi tun da daɗewa. Shekisfiya ya ɗauko labarin ne daga wani marubucin Italiya, Jiraldi Cintiyo, wanda ya buga shi a 1565. A can matar da kanta take cewa tana tsoron kada ta zama izina ga 'yan mata, kada su auri wanda iyaye ba sa so, kada kuma matan Italiya su auri wanda halitta da al'ada suka raba su da shi. A 1693 wani mai sharhi ɗan Ingila, Tomas Raima, ya yi wa wasan ba'a ya ce ɗaya daga cikin darussansa shi ne 'ya'yan manya su daina gudu da baƙaƙe ba da yardar iyaye ba. To amma Shekisfiya ya cire waccan maganar ta nadama daga bakinta. Desdemonarsa, har ta mutu, ba ta taɓa cewa da na sani ba. Ni a ganina da gangan ya yi.

Batun launin fata kuwa, yarana ba su sha wahalar ganewa ba. Da suka ji Iyago yana kiran Otelo tsohon baƙin rago, wani kuma yana ce masa mai kaurin leɓe, sai rai ya ɓaci, kowacce ta zama lauyarsa. Akwai waɗanda yayyensu suka yi zama a Saudiyya suka dawo da labarin yadda ake furta kalmar Takari. Na ba su labarin Aira Oldirij, baƙar fata ɗan Amurka da ya fito a matsayin Otelo a babban gidan wasa na Koben Gadin a Landan a 1833, jaridu suka yi ca a kansa don ya taɓa Baturiya a kan dandamali, bai wuce dare biyu a wurin ba. Suka ce Turawa ba su da kirki. Sai na ce to madalla, a cikinku wa za ta kawo ɗan mahauta gida a karɓa da fara'a? Ko ɗan wanzamai, ko maroƙi? Wa ba ta taɓa jin an je binciken asali an dawo ana raɗa cewa kakansu bawa ne ba? Wa ba ta san fara ko mayya ce ba? Nan dariya ta ragu. Mu ba mu ce launi ba, asali muke cewa, amma ranar neman aure aikinsu ɗaya.

Wani abin da ke ba ni sha'awa, ko da yake ya ɗan kauce: a shekarar 1600 aka fassara littafin Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, zuwa Turanci. An fara buga shi a Benis a 1550, kuma a cikinsa akwai bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Masana da yawa na ganin Shekisfiya ya karanta shi kafin ya rubuta Otelo. A shekarar 1600 ɗin ce kuma jakadan Sarkin Maroko Ahmad Almansur ya yi watanni a Landan, sarkin nan da rundunarsa ta karya daular Songai a Tondibi a 1591. In haka ne, mai yiwuwa mutumin ya ga sunan garinmu a takarda. Yara sun ji daɗin wannan fiye da duk abin da na koya musu a zangon.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni ba da amsa a aji ran nan.

Ina da yaya, 'yar baffana. Mijinta Bayarabe ne haifaffen Kano, iyayensa daga Ilori, Hausarsa ta fi tawa. Shi yake kawo wa Baffa kaya daga Legas zuwa shagonsa na Kantin Kwari. Sahu ɗaya suke sallah, kwano ɗaya suke ci da azumi, Baffa "ɗana" yake ce masa. Ranar da ya turo magabatansa, sai ɗana ya koma "wannan Bayaraben". Aka yi wa Yaya ruƙiyya, aka ba ta rubutu ta sha har ta gaji. Ta kafe. Da ƙyar limamin unguwa ya shiga tsakani, Baffa ya ce ƙaninsa ya yi walicci, shi ba zai zauna a wajen ɗaurin auren ba. Abin da ya gaya mata da za a fita da ita, ina tsaye a bakin ƙofa na ji: "Ke kika zaɓa. Kada ki dawo mini da kuka."

Shekarun farko lafiya lau. Daga baya, lokacin da wayar hannu ta fara yawa, wani abokinsa ya soma kawo masa maganganu, aka ga wata lamba a wayarta, lambar mai kawo musu ruwa ce ma. Mutumin da ya yi shekaru yana jin dangin matarsa na cewa bai kai ba, abu kaɗan ya ishe shi ya yarda cewa ita ma ta gano bai kai ba. Haka Iyago ya yi da Otelo. Bai tsaya kan hankici kawai ba, ya ce masa: mace da ta ƙi mazan ƙasarta, masu launinta, 'yan gidan da suka yi daidai da nata, ta zaɓe ka, ai akwai abin da ba daidai ba a tare da ita, kuma wata rana za ta dawo hayyacinta. Otelo ya koma gefe yana cewa wataƙila don ni baƙi ne. Zaɓin nan guda ɗaya da ta yi a rayuwarta, uba ya kira shi asiri, munafuki ya kira shi lalata, mijin da aka zaɓa kuma ya karɓi maganar su biyun.

Kada wani ya ce ai ga shi nan, Baffa ya yi gaskiya. Ƙanwar Yaya auren zumunci aka yi mata da ɗan gwaggonmu, asali ɗaya, jini ɗaya. Shi ma ya mare ta, wata bakwai da biki. Ta zari hijabi ta taho gida. Washegari baffanni uku suka kira shi zaure suka yi masa tatas, ya yi sati biyu yana sintirin biko kafin a ba shi matarsa. Ban ce yaji maganin komai ba ne, na san mata da yawa da ake mayarwa a daren da suka zo, a ce aure ɗan haƙuri ne. Amma namijin da ya san matarsa tana da gata, akwai zauren da za a kira shi, yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu. Mijin Yaya ya san babu zauren da zai kira shi.

Otelo ma ya sani. Ya mari Desdemona a gaban Lodobiko, ɗan'uwanta da ya zo da saƙo daga Benis. Lodobiko ya ce ko rantsuwa ya yi ba za a yarda da wannan a gida ba, ya ce a lallashe ta, shi ke nan. Bai ce ɗauko mayafinki mu tafi ba. Baffanta Giratiyano ma yana tsibirin, sai bayan ta mutu ya shigo ɗakin, shi ne ma ya kawo labarin cewa baƙin cikin auren ya kashe ubanta. Kuma da mijin ya tsare ta yana kiranta karuwa, ta zaci fushin ubanta yake saukewa a kanta, sai ta ce masa in ka rasa shi, ni ma ai na rasa shi. Wannan layin na ja masa jan biro sau biyu.

Wasu na cewa ita ta jawo wa kanta da nacin roƙon mijinta ya mayar wa Kasiyo muƙaminsa bayan ya tuɓe shi, shiga sharo ba shanu. Na yarda ta yi naci, har ni takan ba ni haushi a wurin. Amma nacin mace ce da ta ɗauka tana da baki a gidan mijinta, kamar yadda ta yi baki a gaban majalisa. Ba ta san an riga an juya kowace kalmarta ba. Gaba ɗaya zamansu a tsibirin, in ka bi lissafin wasan, bai fi kwana biyu ba. Yaushe ma aka samu lokacin cin amanar? Wata ɗaliba mai zuwa Islamiyya ta ce, Malama, da Suratun Nur ya bi ai sai ya kawo shaidu huɗu, in babu su yi li'ani a raba su. Na ce haka ne, kuma ko a nan garin da kowa ya haddace ayar, mata nawa aka saka a kan wani ya ce wani ya ce?

A daren ƙarshe ta sa Emiliya, matar Iyago mai yi mata hidima, ta shimfiɗa zanin gadon amarcinta. Tana tuɓe kaya tana rera wata tsohuwar waƙa da ta ji a bakin baiwar mahaifiyarta, wadda saurayinta ya haukace ya guje ta, ta mutu tana rera ta. Jikinta ya ba ta. Da ya zo, ta roƙi ya kore ta kada ya kashe ta, ta roƙi ya bar ta zuwa gobe, ta roƙi rabin awa, ta roƙi ya bari ta yi addu'a ɗaya. Mai son mutuwa ba ta yin wannan cinikin. Amma da ta ɗan farfaɗo, ta ce ba ta da laifi, Emiliya ta tambaye ta wa ya yi miki haka, sai ta ce ba kowa, ni ce da kaina, ki gaishe mini da maigidana.

Yara sun tsani wannan wurin. "Malama, wannan ai wauta ce." Ni ma da haka nake gani, sai ranar da na je gidan Yaya na tarar da idonta a kumbure, ta ce zamewa ta yi a banɗaki. Na san ƙarya ce, ta san na sani. Shekaru bayan haka, muna tsinke zogale mu biyu, na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "In na faɗa wa? In na faɗa, Baffa ya yi gaskiya ke nan." So yana ciki, ban musa ba, har yau tana sonsa. Amma akwai kuma wannan: abu ɗaya ne a duniya da ta san nata ne, ita ta yanke shi, kuma in ta ambaci sunan mijin a matsayin mai laifi, kowa zai ce ai dama mun faɗa. Haka nake karanta kalmar Desdemona ta ƙarshe yanzu. Ban ce daidai ta yi ba.

Emiliya ce nake jin kunyarta. Ita ta faɗi gaskiya a ƙarshe, ta tsaya gaban Otelo da takobinsa ta kira shi jahili, mijinta ya ce ta yi shiru ta tafi gida ta ƙi, ya soke ta. Amma ita ce ta tsinci hankicin ta ba mijinta, kuma tana tsaye uwargijiyarta ke nemansa ta ce ba ta san inda yake ba. Ni ma na ga idon nan a kumbure na koma gida na yi shiru, don kada a ce na shiga maganar manya.

Yaya tana nan da ranta, alhamdulillahi, tana Kurna da 'ya'ya biyar. Mijin ya manyanta, ciwon suga ya sanyaya shi. Bara da Baffa ya kwanta rashin lafiya, na je gaishe shi, ya kira ni kusa ya ce, "Ki gaya wa yayarki gida gidanta ne, duk ranar da ta so ta zo." Shekara ashirin bayan biki. Na hau adaidaita har Kurna ina ta shirya yadda zan faɗa mata. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba. Ta buga rariya a gefen kwarya ta ce, "Har yanzu yana shan kunun tsamiya da safe?" Na ce yana sha. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ƙullo gari a leda, ta ce in kai wa Umma ta dama masa, kada a sa suga da yawa.